Inusa Ya Sauya Kwas

Lidiya na tuƙa tuwo a gidansu na Damari sai ga ƙanenta Inusa ya shigo daga Zariya, fuska a murtuke. Ko wata bai yi da shiga jami'a ba, shi da Tabita, yarinyar da aka yi musu baiko da kaka.

A shekarar farko, jami'ar kan raba sababbin ɗalibai rukuni-rukuni bisa darussan da kowa ya zaɓa ranar rajista. 'Yan rukuni ɗaya tare suke lacca, tare suke bita, har shekara ta ƙare. Inusa ya ɗauki tarihi, don a nan kansa ke ja. Tabita ta ɗauki kimiyya, likita take son zama.

"Yaya, an raba mu," in ji Inusa. "Rukuninta duk maza ne. Akwai wani Hadi ɗan Ƙanƙara, kullum shina gefenta, ga sabuwar Besfa, ga wando fantalo."

"To kai mi ka kai jami'a in ba sakarci ba?" Lidiya ta ce. "Ka sa ta dawo kwas ɗinka, ko ka zo biki ka ci shinkafar wani."

Da ya koma ya faɗa wa Tabita ta dawo kwas ɗinsa, ta ce, "Haba Inusa, darasi na zaɓa, ban zaɓi Hadi ba. Inna ta rasu a hanyar Funtuwa don babu likita kusa, ka sani."

Ya sani ɗin, amma kishi ya toshe masa kunne. Lokacin sauya darasi bai ƙare ba, sai gogan naka ya je ya soke tarihi ya yi rajistar kimiyya. Ya samu kujerar da ke bayan Tabita ya kafa gadi. Malami na rubutu a allo, shi ƙeyar Hadi yake karantawa. In Tabita ta ari biro, ranar ba ya iya cin abinci. Duk yamma takan zauna ta yi masa bitar lissafi, shi kuwa tambayarsa ɗaya ce: me Hadi ya ce da ta yi dariya?

Jarrabawa ta zo. Tabita ta haye, Inusa ya sha ƙasa warwas, aka ce sai dai ya maimaita shekara.

Da hutu mahaifinsa, Baba Ɗanhausa, ya tara su a tsakar gida, har da Tabita. Lidiya ta riga kowa. "Baba, ita ta ɗauke mashi hankali. Ko ta bar bokon nan, ko a maido mana kayanmu."

Tabita ta durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, karatun ba ni bari — kuma shi ma ba ni barin shi. In kun kore ni, ku kuka kora."

Kunya ta lulluɓe Inusa, ga tsoron rasa ta ya kama shi. Ya ce, "Baba, ba ta da laihi. Ba karatu na tahi yi ajinsu ba, gadinta na tahi."

Tsohon ya dube shi. "Mun saida bajimin sa mun kai ka jami'a, ashe maigadi muka ɗauka. Ɗiyata, tashi. Ke kuma Lidiya, ki ja bakinki."

Inusa ya koma tarihi cikin sababbin ɗalibai, ya yi fice. Tabita ta ci gaba da zama cikin rukuninta na maza, shi kuma ya koyi wucewa ta ƙofar ajin ba tare da leƙe ba. Da suka gama aka ɗaura musu aure a majami'ar Damari, kuma Tabita ce ta karɓi haihuwar autan Lidiya.

Duk mai son mutum tsakani da Allah, ya bar shi ya bi abin da ya iya, ya kuma yarda da shi. Kishi ya ci wa Inusa shekara guda, kuma ba don haƙurin Tabita ba, da har matar zai haɗa ya cinye.