Ƙasar da Motar Alhamis Take Zuwa

"Kanada ko Saudiyya, Khairi? Jibi suke son amsa!"

Khairiyya ta zuba wa takardu biyun da Zayyad ya shimfiɗa a tabarmar zaure ido, kanta sai juyawa yake. Likitan dabbobi ne a kasuwar dabbobi ta Maigatari, ga shi ƙasa biyu na nemansa aiki, bikinsu kuma saura wata guda.

"Shekaranjiya kin ce Kanada..."

"Na ce. Sai na ji wai yawu ma daskarewa yake a can."

"Jiya kin ce Saudiyya."

"Na ce! Sai na tuna gonar raƙuman a tsakiyar sahara take, ba maƙwabci ko ɗaya. Wayyo Zayyad, ni ban sani ba..."

Ni Ilu, kakanta, ina gefe ina jin su. Ni da na keta ƙasa biyar a ƙafa shekarar babbar yunwa, na dawo da haƙorana cif, ban taɓa ganin ruɗewa irin ta yarinyar nan ba.

Kuma ba sanyi ko zafi ne damuwarta ba. Ubanta Mati ne ya rantse a gaban jama'a: ƙasar da motar kasuwar Alhamis ba ta zuwa, ba a kai masa 'ya can. Hajiya Safara'u, uwar Zayyad, ta kafe sai Saudiyya. A tsakani ga Muhsina, 'yar kawun Zayyad, tana ta saƙa. Ta gaya wa Hajiya wai Khairiyya ta raina ƙasa mai tsarki, ta aiko wa Mati cewa an riga an yanki tikitin Kanada.

"Muhsina ta ce ko ƙarƙashin ƙanƙara ne za ta bi ka," in ji Khairiyya.

"Ni ke na tambaya, sanyin idona."

"In na bi ka na karya rantsuwar Baba. In na zauna na rasa ka. To wace ƙasa ce wannan zan zaɓa?"

Hawaye suka zubo. Don ta ɓoye su, sai ta jawo kilishin da ya kawo mata tana warwarewa. Takardar da aka naɗe shi har da hatimi, rubutun kuma ba Turancin Ingila ba ne.

"Wannan fa?"

"Rabu da ita, ta Damagaram ce. Wata ƙungiya ke son mai riga-kafin raƙuma, shekara uku, har da gida."

"Shi ne ka naɗe nama da ita?"

"Abokaina dariya suka yi mini. Wai na ce zan fita waje, na ƙare a garin kawunnai."

Ta ɗago a hankali.

"Zayyad... Nijar ba ƙasa ba ce?"

Zayyad ya zaro ido. Wallahi ni kaina, da duk yawon duniyata, sai da na yi tsam. Mu nan wa yake lissafa ta? Can muke zuwa suna mu dawo kafin la'asar ta yi sanyi!

"Ba ƙanƙara, ba jirgi, ba hoton da za ka tura wa abokai," ta ce. "Ni ce kawai a can. In bai ishe ka ba, ga Muhsina."

Ya daɗe yana kallon takardun nan biyu. Sannan ya ninke su ya cusa a aljihu, ya ɗauki mai maiƙon yana goge ta da hannun rigarsa.

"Allah ya sa lambar wayarsu ba ta goge ba, amaryata."

Mati yana shigowa ta durƙusa.

"Baba, motar Alhamis daga ina take tasowa?"

"Damagaram mana. Wace irin tambaya ce w..."

Sai ya tuna rantsuwarsa. Ya dube ni, na ɗauke kai ina gyara carbi.

Hajiya ta yi fushin mako guda ta huce. Muhsina ciwon kai ya hana ta zuwa biki. An ɗaura aure a Gumel, ni na karɓi waliccin, kuma ba a taɓa jin muryar waliyyi irin tawa ba.

Yanzu duk Alhamis ɗin ƙarshen wata, in kasuwa ta watse, za ka ga Mati a tasha da buhun gero, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya:

"Ƙasar waje za ni, wajen 'yata!"

Ni dai kujerar gaba tawa ce.