Ranar da Kogi Ya Canza Launi

A watan Janairu, wanda a can kudancin duniya lokacin zafi ne, da aka yi dogon hutu, an kai yara sansanin hutu a tsaunukan Kordoba. A can Milagros, wadda ake kira Mili, ta sami aikin kula da ƙananan yara. Budurwa ce 'yar sakandare, kuma wannan ne karonta na farko.

Yaran suna sonta ƙwarai, domin ba ta iya hana su komai.

Wata rana da hantsi aka gangara bakin kogi. Shugabar sansanin, Graciela, wadda kowa ke kira Profe, wato malama, ta ja ta gefe.

"Mili, ƙananan suna hannunki. Su yi wasa a nan bakin gaɓa. Kada kowa ya je dutsen can na tsakiya. Ana ruwa a saman tsauni."

"To, Profe."

Mili ta dubi sama. Rana tarwal, ba ko ɗigon hadari.

Da Profe ta tafi da manyan yara filin ƙwallo, sai Bauti, wani yaro mai giɓi da yawan surutu, ya riƙo hannun Mili.

"Mili, bar mu mu hau dutsen nan mana."

"Profe ta hana."

"Ai Profe ba ta nan. Ke ce babba yanzu."

Ƙanwarsa Delfi ta turo baki. "Wadda ta kula da mu bara tana barinmu. Ta fi ki kirki."

Maganar ta soki Mili. Ta dubi ruwan. Bai wuce gwiwa ba, har ana ganin tsakuwar ƙasa.

"Ku biyu kawai," in ji ta. "Ku taɓa shi ku dawo."

Suka tsallaka suna dariya, suka haye dutsen, suka ƙi dawowa.

Can sai Mili ta ji ruwan ya yi sanyi a ƙafarta. Ta duba ƙasa. Ya yi ja kamar shayi da madara. Ga ganyaye da ƙirare suna wucewa. Daga nesa kuma wani rugugi yana tahowa, kamar na babbar mota.

"Kowa ya fita daga ruwa, maza!"

Sauran yaran suka ruga kan tudu. Bauti da Delfi kuwa suna kan dutse, ruwa ya kewaye su.

Akwai usur a wuyan Mili. Ta kama shi, sai ta tsaya. In ta busa, Profe za ta san abin da ta yi. Ta ce a ranta gara ta je ta ɗauko su da kanta, ba wanda zai sani.

Ta shiga. Ruwan ya kai mata cinya, ya ture ta, ya tafi da takalminta ɗaya. Da ƙyar ta kama wata saiwa ta fito.

Delfi ta fara kuka. Bauti ya zuro ƙafarsa ƙasa.

"Bari in yo iyo, Mili."

"Kada ka motsa. Zauna ka riƙe ƙanwarka. Ka ji ni?"

Ya zauna. Mili ta sa usur a baki ta yi ta busawa iya ƙarfinta.

Profe ta iso a guje tare da Ramiro, mai ceto na sansanin, da igiya a kafaɗarsa. Ramiro ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin bishiya. Profe da Mili suka riƙe tam.

Ya fara kawo Delfi. Da ya koma, ruwan ya kai masa ƙirji. Igiyar tana cin tafin hannun Mili, amma ba ta saki ba. Ya ɗora Bauti a wuya, ya taho a hankali, har Profe ta miƙa hannu ta jawo su.

Ba a jima ba ruwa ya shanye dutsen gaba ɗaya.

Profe ta lulluɓe yaran da tawul. Bauti ya sunkuyar da kai.

"Profe, ni na matsa mata."

"A'a," in ji Mili. "Ni na bar su. Kuma ban busa usur da wuri ba, don ina tsoron faɗanki."

Profe ta juyo gare ta.

"Da yamma mahaifiyarsu za ta zo. Ke za ki gaya mata da bakinki. Daga yau kuma kina kicin, sai na ga kin shirya."

Mili ta gaya wa uwar komai. Matar ta yi faɗa sosai, ta yi kuka, daga baya ta rungume ta.

Mili ta yi ta feraye dankali da wankin tukwane ba ƙorafi. Ana gab da tashi daga sansanin, Profe ta leƙo kicin.

"Wanke hannunki. Yaranki sun dame ni da tambayarki."

Mili ta miƙe da sauri. Profe ta dafa kafaɗarta.

"'Yata, ba a ba ki yara don su so ki ba. An ba ki su ne don ki mayar wa iyayensu da su lafiya. In kuma kin yi kuskure, ki nemi taimako nan take, kada ki ɓoye."

"Na gane, Profe."

Tana fita, yaran suka yo kanta da gudu, Delfi a gaba.