Sukari a Ƙoƙon Nélida

Kun gani. Kada wanda ya ce mini barci yake yi. A San Crispín babu mai barcin rana da ido biyu a rufe, ana sauke labule ne a bar 'yar kafar leƙe. Ranar Alhamis da rana tsaka aka buɗe ƙofar gidan Nélida Barrionuevo, aka ɗaura ɗan ɗakinta mai taya a bayan mota, aka bi da shi ta ƙofar gidajenku, fentinsa mai ruwan ƙwai ko bushewa bai yi ba. Ku kuwa kuka juya kuka gyara matashi.

Da la'asar Nélida ta dawo da mijinta Hilario daga ɗibar jini. A ƙarƙashin rumfa ba ta tarar da komai ba sai gwangwanin fenti da buroshi da sawun taya.

Kun san dalilin ɗakin nan. Bara da sanyi aka kwantar da Hilario a babban asibitin birni, Nélida ta riƙa kwana kan kwali a bakin ƙofa tare da sauran masu jinya na ƙauye. Wata safiya ya hango ta ta taga tana naɗe kwalin. Ya rantse ba zai sake kwanciya kan gadon asibiti matarsa tana kan titi ba, ko da ciwon zai kashe shi. Ga shi ranar Litinin za a kwantar da shi a yi masa aikin hanji. Shi ya sa ta samo gindin tsohuwar mota, ta yanka falanki mai siffar ɗigon hawaye, gaba da tudu, baya a tsuke, daidai katifa ɗaya da 'yar ma'ajiyar tukunya. Ta manna masa zanen gado da gam don kada ruwa ya shiga, ta yi ta bin sa da fenti, shafi kan shafi, ta rubuta sunan garinmu a gefe. Babu ɗaki, babu tafiya.

Sajan Ofelia Carrizo ce ta zo daga ofishin 'yan sanda. Ba ta daɗe da zuwa garin ba, ba ta kai ga sanin waɗanda ba a ambatar sunansu ba. Ta duba kwaɗon ƙofa, ba a fasa ba. Ta bi sawun taya: da baya motar ta shigo, a tsanake, ba ta ko taɓa tukunyar fure ba.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni," in ji Nélida. "Da Don Evaristo mai walda. Sai dangi."

Hilario yana zaune kan kujera, ya rufe gwiwa da bargo. "Sajan, kada ki wahalar da kanki. Allah ne bai nufa in je ba."

"Rufe mini baki, tsoho," in ji matarsa. "Ba Allah ne ya shigo da mota da baya ba."

Ta ɗora buta, ta cika ƙoƙo da ganyen mate, shayinmu mai ɗaci da ake zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya, ta soka tsinken zuƙa. Mai haɗawa ke shan na farko. Ta zuƙa, sai ta tsaya cak, ta dubi ƙoƙon, ta dubi mijinta, ta haɗiye. Ta ƙara ruwa ta miƙa wa Sajan ba tare da ta ɗago ido ba.

Ofelia ta zuƙa. Can ƙarƙashin ɗacin akwai ɗan zaƙi, da ƙamshin ɓawon lemo.

"Ashe mai zaƙi kuke sha."

"A gidan nan?" Hilario ya yi dariya. "Tun da likita ya hana ni, matar nan ta kori sukari. Ko tururuwa ta yi ƙaura."

"Bakinki ne, Sajan," in ji Nélida.

Ofelia ta tashi ta zaga tsakar gida. A gindin bishiyar ɓaure ta ga an zubar da jiƙaƙƙen ganye, tururuwa ta yi masa baƙi ƙirin. Ta daɗe a tsugune tana kallo.

Da safe ta fara da Don Evaristo, wanda ya haɗa ƙarfen ɗakin. Yana da makulli, yana da mota mai ƙugiyar ja, kuma an ji suna cacar baki da Nélida a farkon mako.

"Kan fenti ne!" in ji shi, ya ture gilashin walda sama. "Na ce mata ta bar kowane shafi ya sha iska, ita kuwa sauri take yi kamar ana korar ta. Ni zan ja abu da ɗanyen fenti a hanyar ƙura? 'Yata, ki ce na yi kisa, zan fi yarda."

Ya miƙo mata ƙoƙonsa. Ɗaci kamar maɗaci.

"Ba ka ɗan sa sukari?"

"Ki je gidan yara a ba ki."

"Wa kuma ke da makullin gidan?"

Ya mayar da gilashin kan ido. "Ni dai ƙarfe na sani."

Ta sami Tito ɗan gwangwan yana shayar da dokinsa. Shi kaɗai ke yawo a titi lokacin barcin rana, kuma an taɓa kama shi da murfin rijiyar wani.

"Ranki ya daɗe, dubi dokin nan. Kansa ma da ƙyar yake ja. In na shiga gidan mutum, buta zan ɗauka in ruga, ba zan tsaya dafa ruwa a cikinta ba."

"Wa ya ce maka an dafa ruwa?"

Tito ya sosa ƙeya. "Hayaƙi na gani. Ido ne, ba ya tambayata kafin ya gani."

"Motar wa ke ƙofa?"

"A nan idon ya gaji, ranki ya daɗe. Ina da iyali."

Doña Pocha, wadda tagarta ke kallon ƙofar Nélida, cewa ta yi kanta ke ciwo ranar. Maƙwabcinta ya ce rediyo yake ji. Layi guda, kowa da lalurarsa. Ina rubuta wannan ina jin kunya a madadinku.

Da yamma Ofelia ta koma gidan. 'Yan jaje sun cika tsakar gida, waɗanda suka yi ciwon kai da masu jin rediyo duka, kowa da farantin biskit. Ta tsaya daga gefe tana duba fuskoki. Ta tambayi wata mata ko Hilario ba shi da ɗan'uwa a gari.

"Yana da wa mana. Don Lisandro, shugaban ƙungiyar unguwa." Matar ta rage murya. "Ayyuka sun yi masa yawa."

Ranar Asabar da hantsi Ofelia ta same shi a ofishin ƙungiya, ƙarƙashin babban allon da aka zana gidan masu jinya da ƙungiyar ta yi alkawarin kamawa a birni shekara da shekaru. Farar motarsa tana waje, da ƙugiya a baya. Ta zauna, ta ciro butarta da ƙoƙonta daga jaka.

"Abin takaici ne, Sajan," in ji shi. "Amma ki bar mana. Maganar gida ce, ƙungiya za ta san yadda za ta yi da Nélida."

"Na gode, Don Lisandro." Ta sha na farko, ta cika, ta miƙa masa.

Yana cikin bayanin irin wahalar da shugabanci ke da ita, hannunsa ya tafi aljihun riga da kansa. Ya ciro ɗan gwangwani, ya buɗe da babban yatsa, ya barbaɗa a ƙoƙon. Sukari ne gauraye da busasshen ɓawon lemo.

Ofelia ta bar shi ya zuƙa.

"Kullum da shi kake yawo?"

"Uwargida ta hana a gida." Ya yi murmushi, sai murmushin ya tsaya a hanya.

"Bari in gaya maka yadda aka yi," in ji ta. "Baƙon ɓarawo ba ya zama ya dafa ruwa. Wanda ya ɗauki gidan tamkar nasa ne ke yi. Ka zo da wuri, ka buɗe da makullinka, ka ga akwai sauran mutane a titi, sai ka zauna jiran a sauke labule. Mutumin garin nan kuwa ba ya iya jira hannu sake, sai da mate. Gidan babu sukari, ka sa naka. Ka ɗauraye ƙoƙon ka mayar. Amma ƙoƙon da ya saba da ɗaci ba ya ɓoye zaƙi, kai ma ka sani. Nélida ta gane tun zuƙar farko. Ta yi shiru ne don kada mijinta ya shiga ɗakin tiyata da wannan a zuciyarsa. Ina ɗakin?"

Don Lisandro ya ajiye ƙoƙon. "Ba sata na yi ba. Matar ƙanena, a cikin akwati, a bakin titi, da sunan garinmu a jiki! Kowa ya wuce ya ce ina ƙungiyarsu, ina wan mijinta? Bayan Litinin zan mayar. Zan samo mata ɗaki na mutunci."

"A ina?"

Ya mayar da gwangwanin sukarin aljihu. Ofelia ta ci gaba.

"Bara da take kan kwali ba ka ji kunya ba, don kwali ba shi da suna a jiki. Ƙanenka ya ce ba zai je ba. Jiya ya sa an kwance jakarsa."

"Hilario ya faɗa ne kawai."

"Kai ka san shi. Ya taɓa faɗa kawai?"

Ya daɗe yana kallon allon da ke bango. Sannan ya ɗauki makullin mota.

A garken awakinsa na bayan gari aka sami ɗakin. Ya rufe shi da tampol, tampol ɗin ya manne da ɗanyen fenti, gashin awaki da ƙura sun bi gefe ɗaya. Da aka jawo shi gida, Don Evaristo ya zagaya shi yana tsaki, ya danna nan, ya ƙwanƙwasa can.

"Zanen bai yage ba. Fatar sama ce kawai. A goge, a yi shafi ɗaya yau, gobe ya wuni yana shan iska." Ya nuna Nélida da yatsa. "Wuni guda cur, kin ji ni?"

Hilario ya taso da sandarsa ya tsaya gaban wansa. "Yaya, da ka tambaye ni, da na gaya maka ni ma kunyar nake ji. Tawa dai ba irin taka ba ce."

Ofelia ta tambayi Nélida ko za ta shigar da ƙara.

"Ba ni da lokacin kotu, Sajan." Ta miƙa wa Don Lisandro takardar goge katako. "Yaya, ga gefen da ka ɓata. Ranar Litinin kuma motarka ce za ta ja mu, ta babban titi, ba ta bayan gari ba."

Ya cire rigarsa ta shugabanci ya rataye, ya durƙusa. Hilario ya koma ciki yana kiran a kawo masa jakarsa.

An yi aikin. Hilario yana samun sauƙi, har ya fara faɗa da abincin asibiti. Ɗakin yana nan a gefen katangar asibiti, Nélida tana kwana a ciki, tana kuma ba wata tsohuwa daga ƙauyen kan dutse rabin katifar. Sauran masu jinya suna kan kwali. Kullum sai wani ya zo ya shafa falankin ya tambaye ta nawa ne wahalar yin irinsa.

Amsar ita ce ba ta kai yadda kuke tsammani ba. Don Evaristo ya riga ya kwance gindin wata motar, Tito ya kawo tagogi biyu da ya rantse tsinta ya yi. Babu falanki, babu zane, babu hannu. Kada ku jira ƙungiya, kada ku aiko da biskit. Ranar Asabar da safe ku zo bakin shagon walda. Mai katako ya ɗauko, mai tsohon zanen gado ya ɗauko, wanda ba shi da komai ya zo da hannunsa, akwai buroshi. Kai da ke karanta wannan nake nufi. Ka zo.