Ruwan Da Ya Ɗiga A Ƙarƙashin Motar Baba

A zamanin Shugaba Ahidjo, akwai wata yarinya a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde. Shekarunta goma. Babanta tela ne, yana ɗinka riguna da labule.

Wata rana Baba ya sayi mota. Ba sabuwa ba ce. Ya saye ta ne a hannun wani ma'aikaci da ya yi ritaya zai koma garinsu. Motar shuɗiya ce, fentinta ya koɗe. Ƙofar baya ɗaya ba ta buɗuwa sai ta waje. Duk da haka yarinyar tana sonta ƙwarai.

Baba yana da aboki makanike, sunansa Njidda. Garejinsa yana Ekoudou, unguwar da ke maƙwabtaka da tasu. Yarinyar tana kiransa Kawu. Shi ne ya duba motar kafin a saya.

Kawu Njidda ya ce wa Baba, "Injin yana da ƙwari. Amma tsohuwar mota ba ta son a yi mata sakaci. Ka riƙa duba ruwan lagireto, shi ne ke sanyaya inji. Ka riƙa duba baƙin mai kuma."

Baba ya yi wa motar rumfar kwano a ƙofar gida. Yarinyar ce ke share wurin kullum da safe kafin ta tafi makaranta. Saboda haka Baba ya ba ta aiki.

Ya ce, "Ke ce mai fara ganin ƙasan motar nan. In kin ga wani abu ya ɗiga, ruwa ko mai, ki faɗa mini."

Ta ce, "To, Baba."

Bayan wata biyu, motar ta sami matsala a birki. Aka kai ta gareji. Sai da ta yi mako biyu a can, ana jiran wani ƙarfe daga Duwala. Kullum yarinyar takan leƙa rumfar ta gan ta wayam. Ranta ya ɓaci sosai. Da aka dawo da motar, har rawa ta yi.

Ana nan, sai wasiƙa ta zo daga Ngaundere. Kaka Tasalla, mahaifiyar Baba, za ta zo a jirgin ƙasa ranar Lahadi da safe. Ba ta taɓa zuwa Yawunde ba.

Baba ya ce wa yarinyar, "Ni da ke za mu je tasha mu ɗauko ta. Inna za ta tsaya ta yi girki. Ke za ki zauna a gaba."

Murna ta hana yarinyar zama wuri ɗaya. Ta gaya wa ƙawarta Aisatu. Ta gaya wa duk 'yan ajinsu.

Ranar Alhamis da safe ta ɗauki tsintsiya ta shiga rumfa. Da ta duƙa, sai ta ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin injin. Wurin bai fi tafin hannunta ba. Ta dangwala yatsa. Ruwa ne mai launin tsatsa.

Ta miƙe za ta kira Baba. Sai ta tsaya.

Ta ce a ranta, "In na faɗa, za a kai motar gareji. Za ta yi mako biyu a can. Shi ke nan, babu zuwa tasha a gaban mota."

Ta duba hagu da dama. Babu kowa. Sai ta sharo ƙasa ta rufe wurin.

Ranar Jumma'a wurin ya ƙara faɗi. Ta sake rufewa. Ranar Asabar ya kai faɗin faifai. Duk da haka ta sake rufewa.

Da suna dawowa daga ɗibar ruwa a famfo ita da Aisatu, ta gaya mata.

Aisatu ta ce, "Ni dai da ni ce, da na faɗa."

Yarinyar ta ce, "Zan faɗa ranar Litinin, bayan mun ɗauko Kaka. Ai ɗan ruwa ne kawai."

Ranar Lahadi Baba ya tashi da aiki. Akwai labulen wata mata da zai kai unguwar Cité Verte kafin su wuce tasha. Ya tsaya guga har lokaci ya ƙure. Ya fito da sauri, ya zuba labulen a baya.

Ya tambaye ta, "Kin duba ƙasan motar yau?"

Ta ce, "Na duba, Baba."

"Ba komai?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara takalminta. Ta ce, "Ba komai."

Baba ya ce, "To madalla. Shiga mu tafi."

Suka kai labule. Suka kamo hanyar tasha. Yarinyar tana zaune a gaba, iska tana kaɗa mata ɗankwali. Amma daɗin da ta yi zato bai zo ba. Idonta yana kan murfin inji.

Da suka fara hawan wani tudu, Baba ya dubi allurar da ke nuna zafin inji. Ta hau har ƙarshe. Kafin ya yi magana, sai farin tururi ya turnuƙe daga gaban motar. Wani wari kamar na roba mai ƙonewa ya cika ciki.

Nan da nan Baba ya gangara gefen hanya ya kashe inji. Suka fita. Ya ɗaga murfin a hankali. Komai yana ta huci.

Yarinyar ta ɗauko galan ɗin ruwa daga baya. Ta miƙa hannu za ta buɗe bakin lagireto. Baba ya riƙe hannunta da sauri.

Ya ce, "Kada ki taɓa. Ba a buɗe shi da zafi. Tafasasshen ruwa zai watso miki a fuska. Sai ya huce."

Suka jira. Da ya huce, Baba ya sa tsumma ya buɗe, ya zuba ruwa. Amma ruwan ya riƙa zubowa ƙasa. Tiyon da ke kai ruwa cikin inji ya yage.

Baba ya dubi agogonsa. Ya ce, "Jirgi ya iso yanzu. Ga shi Kaka ba ta san kowa ba, ba ta kuma jin Faransanci."

Waɗansu masu wucewa suka taimaka aka tura motar gaban wani shago. Baba ya roƙi mai shagon ya sa wa motar ido. Daga nan suka tsaya neman tasi. Ranar Lahadi ce, duk wadda ta zo a cike take. Sai suka kama tafiya a ƙasa. Sun yi nisa kafin wata tasi ta tsaya musu.

Da suka isa tasha, mutane sun watse. Can a gefen bango suka hango Kaka Tasalla. Tana zaune a kan ƙunshin kayanta ita kaɗai. Ta rungume wata ƙwarya a cinya. Duk wanda ya wuce sai ta ɗaga kai ta dube shi.

Baba ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Mota ce ta lalace mana a hanya."

Kaka ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "Alhamdu lillahi da kuna lafiya. Na ɗauka wani abu ne ya same ku. Na tambayi mutum uku, ba wanda ya gane maganata. Ko ruwa ban iya tashi na nema ba, don kada ku zo ba na nan."

Ta jawo yarinyar jikinta. Ta ce, "Ƙawata, haka kika girma? Ga dakuwa na riƙo miki tun daga gida."

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu. Ta ga ƙafafun Kaka sun kumbura saboda zama. Ta kasa cin dakuwar. Suka koma gida a tasi.

Da la'asar Kawu Njidda ya jawo motar zuwa garejinsa. Baba ya tafi can, yarinyar ta bi shi. Kawu ya ciro tiyon ya ɗaga shi sama.

Ya ce wa Baba, "Dubi nan. Tsatsa ta yi layi a jikinsa. Wannan yoyon ba na yau ba ne. Ya yi kwana uku ko huɗu. Ba wanda ya ga ruwa a ƙasa?"

Baba ya ce, "Ba mu ga komai ba."

Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Hawaye ya cika mata ido.

Ta ce, "Baba, na gani."

Baba ya juyo. "Me kika ce?"

"Na ga ruwan tun ranar Alhamis. Na rufe shi da ƙasa. Yau ma na gani, na ce maka ba komai."

Baba ya dube ta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Me ya sa?"

Ta ce, "Na ji tsoro za a kawo motar nan ta yi mako biyu. Ina so in je tasha a gaban mota."

Kawu Njidda ya ajiye tiyon. Ya jawo benci ya ce ta zauna.

Ya ce, "'Yata, da kin faɗa ranar Alhamis, kin san tsawon aikin? Ina da irin tiyon nan a rataye. Kafin babanki ya gama shan shayi na canza shi. Yanzu kuwa injin ya sha zafi. Dole in buɗe kansa in duba. Sai ya yi kwana huɗu a nan. Da babanki bai kashe shi da wuri ba, da ya ƙone gaba ɗaya."

Yarinyar ta share hawaye. Ta ce, "Ban san ɗan ruwa zai jawo haka ba."

Kawu ya ce, "Mota ba ta da baki. Da ɗigon ruwa take magana, ko da baƙon ƙara, ko da wari. Wanda ya ji da wuri, gyaransa kaɗan ne."

Baba ya ce, "Ni ma ina da laifi. Ya kamata in buɗe in duba da idona kafin mu fita, sai gaggawa ta hana ni. Amma ni na yarda da maganarki ne. Kin ga abin da ya sami Kaka."

Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan ƙara ba."

Ya ce, "Na haƙura. Saura Kaka. Da bakinki za ki gaya mata."

Wannan ya fi komai yi mata wuya. Da suka koma gida, ta sami Kaka a kan tabarma, Inna tana gasa mata ƙafa da ruwan ɗumi. Ta durƙusa ta faɗi komai.

Kaka ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "To, kin yi kuskure, kin kuma faɗa. Karɓi tsumman nan daga hannun uwarki. Ke za ki gasa ƙafar da kika kumbura."

Inna ta yi dariya. Yarinyar ta karɓi tsumma.

Kwana huɗun nan Baba a ka ya riƙa ɗaukar ɗinki yana kai wa mutane. In yarinyar ta dawo daga makaranta, sai ta raba kayan da shi. Hawan tudu da kaya ba daɗi. Ba ta yi ƙorafi ba.

Ranar Alhamis motar ta dawo. Baba ya ce ranar Lahadi zai zaga da Kaka ta ga gari. Ya ce kowa zai je, har da Aisatu.

Da Lahadi ta zo, duk suka yi ado. Kaka ta riga kowa shiga mota. Yarinyar ta duƙa ta duba ƙasa. A bushe take. Amma da za ta miƙe, sai ta ga kan ƙusa yana ƙyalli a jikin tayar baya. Tayar ta ɗan kwanta.

Aisatu ta raɗa mata, "Yanzu sai a fasa tafiyar."

Yarinyar ta ce, "Ko an fasa." Ta ɗaga murya ta ce, "Baba, zo ka gani. Akwai ƙusa a taya."

Baba ya zo ya duba. Ya ce, "Kin kyauta. Da a kan hanya za ta sace mana."

Ya roƙi Kaka ta ɗan sauko. Ya sa dutse ya tare tayar gaba, ya ɗaga motar da jak, ya sa tayar safaya. Yarinyar tana riƙe masa notuna a cikin ɗankwalinta don kada su ɓata. Ba a daɗe ba aka gama.

Suka zaga gari lafiya. Kaka ta ga kasuwa, ta ga dogayen benaye, ta ga tuddai kore shar. A hanyar dawowa Baba ya tsaya ya sayo musu tsire mai zafi.

Kaka ta tambayi yarinyar, "To ƙawata, me kika koya a makon nan?"

Yarinyar ta ce, "Na koyi cewa ƙaramar matsala ba a rufe ta. In an faɗi gaskiya da wuri, gyara yakan zo da sauƙi. In an ɓoye, sai ta girma ta cuci wanda bai ji ba bai gani ba."

Kaka ta ce, "Shi ke nan, kin ci jarrabawa. Miƙo mini tsiren nan kafin ku cinye."