Kujerar da Yahuza Ya Cire

Ranar wata Alhamis Yahuza ya fara ganinta a bakin titin Sara, riƙe da hannun wata tsohuwa, motoci uku sun wuce su. Shi direban Sharon ne, yana jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Tun rasuwar mahaifiyarsa shi kaɗai yake zaune a ɗakin haya, ba mai ce masa sannu da zuwa.

"Malam, asibiti za mu," in ji budurwar. "Sai dai gwiwar Dada da ƙyar take lanƙwasuwa. Kowa ya gani sai ya ce ba wuri."

Ya zuge ƙofa, ya ɗauko sufana, ya kwance kujerar tsakiya mai cin mutum biyu, ya ɗaure ta a but. Dada ta zauna a baya, ta miƙe ƙafa son ranta. Jikar tata ta kalle shi ta madubi, shi kuwa bawan Allah har giya ya manta bai canja ba.

Sunanta Bara'atu. Da zuwan Alhamis ya zama ƙa'ida, sai ya kai kujerar ɗakinsa ya jingine ta da bango, a kanta yake cin tuwonsa. 'Yan tasha suka sa shi gaba, wai ya mai da motar haya gadon asibiti. Ko a jikinsa, tunda ga saƙo yana shigowa:

"Direbana, ka ci abinci kuwa? Dada ta ce ka rame."

"Na ci, 'yar Dada. Kujerar ce dai ta yi min yawa."

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Malam Iliyasu, sai ya murtuke fuska. Direban haya, mai ɗaki ɗaya? Ga Kamaluddeen ɗan dillalin hatsi ya fito nema, da baƙar jif sabuwa dal. Malam ya yanke cewa daga yau Kamaluddeen ne zai riƙa kai Dada asibiti.

Yahuza na tsaye a tasha jif ɗin ta wuce, Bara'atu a ciki. Da yamma ta rubuto:

"Umarnin Baba ne. Wallahi ba zaɓina ba ne."

Ya karanta ya fi sau goma, bai amsa ba. Gani yake tausayinsa kawai take ji, kuma wa zai bar jif ya shiga Sharon? Alhamis huɗu yana rage gudu a Sara, yana duban inda suke tsayawa, ba kowa sai mai rake. Kewa ta ci shi ƙwarai. Ya koma cin abinci a tsaye, don ganin kujerar ma ciwo yake masa.

A ta biyar sai ga su su uku, har da Malam Iliyasu, fuska ba walwala. Dada ce ta tsayar da motar da sandarta.

"Uban taurin kai, ka daina amsa waya ko?" ta ce. "To ni na gaji. Motar yaron nan akwai laushi, akwai sanyi, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma sai an kafa min turmi na taka kafin in hau, kamar mai hawa rumbu. A karkace nake zama har Birnin Kudu. Na ce a matsa min kujerar gaba, ya ce kada a ɓata masa saiti."

Ta zuge ƙofar da kanta. Gurbin yana nan fayau, har da ɗan matashin da take ɗora diddige.

"Iliyasu, zo ka leƙa."

Malam ya leƙa, ya daɗe yana kallo. "Wata guda ba su shiga ba. Me ya hana ka mayar da kujerar?"

Yahuza ya durƙusa. "Na ce ko za ta dawo, Baba."

"Wa? Dada?"

Ya sunkuyar da kai. Bara'atu ta ja mayafi ta rufe fuska, Dada kuwa dariya har da tari.

"Wanda ya yi wa ƙafata wuri, zai yi wa jikata," in ji ta.

Malam ya yi gyaran murya. "Ka turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da la'asar aka kawo amarya a Sharon, Dada a gurbinta tana ta sa albarka: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuriya mai cika mota.

Da mutane suka watse, Bara'atu ta ga kujerar a jikin bango, tsakanin sababbin kayan ɗakinta. Gefe ɗaya ya lotsa, ɗayan kuwa kamar ba a taɓa zama a kai ba.

"Direbana, nan wurin wa?"

"Ba fasinja tukuna."

Ta gyara mayafinta, ta zauna.