Abin da Rahinatu Ta Goge

"Rahinatu, ɗago ki dube ni! Ke kika taɓa min takardu?"

Ta kasa ɗago kai. A zauren gidansu na Ƙofar Marusa suke, Sagir, wanda za ta aura, ko rigar aiki bai cire ba.

Nas ne, shekararsa biyar yana aikin jinya. Akwai wata manhaja da ke taimaka wa maza ma'aikatan jinya tsara makomarsu, ta nan ya nemi gurbin karatun kula da jarirai bakwaini. Da wayarsa ta lalace, Rahinatu ya ba lambar sirrinsa ta aika masa takardun.

"Yau sunaye suka fito, babu nawa. Na kira Malam Muttaka mai ba ni shawara a manhajar, ya ce wai ni na rubuta zan bar jinya in nemi likitanci. Ni?"

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ni ce na goge naka na rubuta haka..." ta faɗa. "Madina 'yar Gwaggo ce ta ishe ni, kullum sai ta ce angonmu mai kwashe fo. Gwaggo kuma ta ce aikin mata ne. Na ɗauka in ka zama likita..."

"Ashe kunyata kike ji."

"Masoyina, wallahi..."

"Mi ya hana ki gaya min?"

Ya sa takalmansa ya fice.

Washegari ta kira Malam Muttaka ta faɗi gaskiya. Ya ce, "An riga an ba wani gurbin, 'yata. Sai baɗi."

Ta je ta durƙusa gaban Baba, Gwaggo da Madina na zaune, ta zayyana komai.

"Don maganar mutane kika ɓata wa yaron kirki shekara guda?" in ji Baba. "Tashi ki ba shi haƙuri!"

Gwaggo ta kawar da kai. Madina ta sulale ɗaki.

Wata biyu Sagir bai ɗaga wayarta ba. Ran nan da la'asar sai ga sallamarsa.

"Na yi ƙoƙarin cire ki a raina, Rahina. Na kasa."

Ta fashe da kuka.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, shekara na zagayowa ya samu gurbin. Shi ya yafe tuntuni. Ita ce dai har yau, duk sanda ya ce abokansa sun riga shi gamawa, sai ta sunkuyar da kai.