Waƙar Niƙan Inna Tabawa

Rahina na tankaɗe a tsakar gida mahaifinta, Malam Ɗahiru, ya yanke magana: ba zai ba ɗan fim ɗiyarsa ba. Malami ne da ake jin maganarsa a Ƙaura Namoda, kuma labari ya iske shi cewa Armiya'u, saurayin nata, ya je har Badarawa ya ɗauki mahaifiyar Malam ɗin, Inna Tabawa, a kyamara tana waƙar niƙa.

"Uwar tawa za a riƙa kallo a wayoyin 'yan tasha? A mayar mishi da kayanshi."

Rahina ta ci kuka har ta gode Allah, don ita ta kai Armiya'u can. Ita ta ce masa tunda inji ya kashe dutsen niƙa, waƙoƙin kakarta za su bi ta kabari. Ƙawaye suka ce su saki fim ɗin kawai, in ya yi suna tsoho zai sauko. Ta ce Allah ya kiyaye. Ta gaya wa Armiya'u ko sakan ɗaya kada ya fita sai Baba ya gani, in ya hana kuma a goge, duk da wahalar editin da ya sha. Ya ce ya amince.

Damina ta zo ta wuce tana durƙusa wa Malam da roƙo ɗaya: ya dai kalla. Yarinyar akwai naci kamar ƙuda. Ran da ya gaji ya ce ta kawo, ta ajiye masa laftof a zaure.

To, Malam ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa sakar masa fuska ba. Ya san kunya ce, amma abin ya daɗe yana cin sa. Sai ga ta a fim ɗin ta duƙa bisa dutse, ta manta da kyamara:

"Na goya ka ban dube ka ba,
In ka yi tari ni ka kwana zaune."

Aka ji muryar Armiya'u yana tambayar wa take wa waƙar. Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Wanda ba ni faɗin sunanshi."

Malam ya cire tabarau, hawaye na bin gemunsa. Ya ce Rahina ta mayar baya. Da ya ƙare, ya ce a gaya wa yaron ya turo manyansa.

Da sun saki fim ɗin a ɓoye, da sun rasa auren, shi kuma Malam ya mutu bai ji wannan waƙa ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.